Lanho na kowa, ƙuri'a ta wasu: tsarin da Nasara ya bari, kada mu maido shi da hannunmu



Akwai wata magana da ke yawo a fadodin shayi da cikin muryoyin da ake turawa ta WhatsApp, har ta fara zama kamar karatun sallah: wai zaɓe kayan Nasara ne, shi ya kawo mana shi don ya raba kanmu, saboda haka in an kori Faransa sai a haɗa mata da akwatin ƙuri'arta ta tafi da shi. Masu faɗin haka da yawansu mutanen kirki ne, kishin ƙasa ya sa su. Amma maganar a kife take. Abin da Nasara ya kawo ƙasar nan shi ne majalisar da kwamandan ke naɗawa, da haraji wanda ba a tambayar mai biya. Ƙuri'ar talaka kuwa, da ƙyar da jiɓin goshi aka ɓamɓare ta daga hannunsa, kuma bai sake ta duka ba sai da ya rage shekara huɗu a ba mu ƴancin kai.

Mu fara da kuɗi, tunda da su aka fara. A shekarar 1900 majalisar Faransa ta yi dokar kasafi wadda ta ce kowace ƙasar da suka mallaka ita za ta ɗauki nauyin kanta. Ma'ana, albashin kwamandan, ginin bariki, kuɗin gardi, duk daga aljihun wanda aka mallaka za su fito. Daga nan lanho ya samo tushe. Ana ƙirga kawuna, a ƙirga dabbobi, a aza wa gari adadi, mai gari ya tara ya kai wa sarki, sarki ya cire ladansa ya kai bariki. Wanda ya kasa, akwai dokar indijena, wadda ta ba kwamandan ikon ya ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba tare da alƙali ba. Ga kuma aikin tilas a kan hanyoyi. A yunwar 1931, da fara ta cinye amfanin gona a yammacin ƙasar, ba a daina neman lanho ba, mutane suka watse, wasu sun mutu a hanya. Kakanninmu na bakin iyaka su ma sun san dabarar: in neman lanho ko ɗibar mutane ya yi tsanani, sai gari ya kwashe ya ƙetara Katsina ko Daura ko Sakkwato, in ƙura ta lafa a komo.

To wa aka tambaya? A 1919 sun kafa abin da suka kira majalisar manyan gari a kowane yanki. Kwamandan ke zaɓo sunayen, gwamna ya sa hannu, kwamandan ɗin kuma shi ke shugabantar zaman. Ana jin ta bakinsu kan lanho da aikin tilas da fatanti, amma jin ta baki kawai. In sun ce ya yi yawa, a rubuta a takarda a ajiye. Wannan ita ce majalisar da Nasara ya kawo da son ransa, ba wanda ya matsa masa.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ƴaƴanmu suka zubar da jini a cikinsa, Faransa ta ga ba yadda za ta yi. Aka soke indijena. A 11 ga Afrilun 1946 aka soke aikin tilas, da dokar da ke ɗauke da sunan Ufuwet Bwanyi. A 7 ga Mayu dokar Lamin Gey ta ce duk mun zama ƴan ƙasa. Sai mutum ya ce shi kenan, an zama ɗaya. Ina! A 25 ga Oktoba na wannan shekarar aka fitar da dokar kafa majalisar ƙasa a kowace mallaka, wadda za ta riƙa amincewa da kasafin kuɗi da farashin haraji, kuma a cikinta aka raba masu zaɓe gida biyu. Shi ne abin da suka kira kwaleji biyu.

Kada yara su ɗauka kwalejin da ake shiga bayan firamare ake nufi. A bakinsu, kwaleji a nan rukunin masu jefa ƙuri'a ne. Kwaleji na farko na masu bin dokar zaman Faransa ne, wato Turawan bariki da na kamfanoni, da ɗan tsirarun baƙaƙen fata da suka sami wannan matsayi. Kwaleji na biyu na sauran jama'a. Majalisar Nijar ta farko, wadda aka zaɓa a Disambar 1946 da Janairun 1947, kujera 30 gare ta: 10 na kwaleji na farko, 20 na na biyu. Ku tsaya ku yi lissafin da kanku. Mutanen da duka-dukansu ba za su cika unguwa guda ta Birnin Damagaram ba sun ɗauki kashi ɗaya cikin uku na majalisa, ƙasa mai mutum wajen miliyan biyu ta raba sauran. A 1952 da aka ƙara kujerun zuwa 50, nasu ya zama 15. Kuma wannan majalisar ce ke cewa ga abin da manomin Gobir ko makiyayin Adar zai biya. Ba ma ita ke shirya kasafin ba, gwamna ke shiryawa, kuma akwai kuɗaɗen da doka ta ce dole ne, ko majalisa ta so ko ta ƙi. Senegal kaɗai aka bar wa kwaleji guda a yankinmu, don su tun ƙarni na 19 suna da garuruwa huɗu masu zaɓen magajin gari.

Amma inda abin ya fi ciwo shi ne cikin kwaleji na biyun kansa, don ba kowane baƙar fata ke shiga ba. Dokar zaɓe ta Oktoban 1946 ta jera waɗanda suka cancanta. Sarakuna da masu gari. Ma'aikatan gwamnati. Tsofaffin soja. Masu lambar girma. Ƴan kasuwa masu biyan fatanti. Mai gida ko fili wanda ke da takardar mallaka ta bariki. Sannan, ku saurara da kyau, mai lasin tuƙin mota da mai takardar izinin farauta. Wato wanda ke da izinin harbin zabo ya isa ya zaɓi wakili, wanda ya noma geron da ƙasa ke ci bai isa ba. A 1947 aka ƙara da wanda ya iya karatu da Faransanci ko Larabci. A 1951 aka sake buɗe ƙofar kaɗan: magidanta masu biyan lanho, da matan da suka haifi ƴaƴa biyu, rayayyu ko waɗanda suka mutu saboda Faransa. Haka dokar ta faɗa. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, ko wadda ƙyanda ta kashe mata ƴaƴa, tana daka, tana saƙa, tana sayar da ƙuli-ƙuli don a cika kuɗin lanhon gida, amma ranar zaɓe ba ta cikin lissafi.

Batun takardar fili ɗin nan yana son a tsaya a kansa, don a nan ne ƙuri'a da harajin gida suka haɗu. Dokokin ƙasa na Nasara, na 1906 da na 1932, sun ce mallaka ta sosai ita ce wadda aka auna aka rubuta a babban littafin bariki. Wata dokar kuma ta ce ƙasar da ba kowa a kanta kuma ba ta da mai ita, ta gwamnati ce, alhali su ke yanke hukuncin wace ce ba ta da mai ita. Gonar da mutum ya gada kaka da kakanni, wadda duk gari ya san iyakarta daga gawon nan zuwa tsamiyar can, a idon wannan doka ba mallaka ba ce cikakkiya. Wa ke da kuɗin awo da rajista a lokacin? Kamfanonin sayen gyaɗa, ƴan Kwara, da ɗaiɗaikun manyan ƴan kasuwa. To ka ga an mai da takarda mabuɗin ƙuri'a, sannan aka rataye mabuɗin inda hannun talaka ba ya kai.

A cikin birane ma haka. Tsarin da suka yi a 1920 na garuruwan da suka kira masu gauraye ya kasu mataki uku: a na farko gwamna ke naɗa ƴan majalisar gari, a na biyu wasu zaɓaɓɓun mutane ke zaɓe, a na uku ne kowa ke zaɓe. Amma a duka ukun magajin gari ba zaɓensa ake ba, jami'in Nasara ne, shi ne kwamandan shi ne magajin gari. Harajin gini kuwa ana yanka shi bisa kuɗin hayar da aka ƙiyasta gidan zai iya kawowa a shekara. Wa ke ƙiyastawa? Ma'aikatan wanda zai karɓa. In ka ga an zalunce ka, wa za ka kai wa kuka? Shi dai. Kuɗin kasuwa, na mahauta, na tasha, duk suna shiga asusun da kwamandan ke riƙe da makullinsa. Inda suka tafi kuwa ba ɓoyayye ba ne, har yau ana gani da ido. A Yamai, bayan an ɗauke babban birni daga Damagaram a 1926, kwarin Gunti Yena ne ya raba unguwar Turawa ta kan tudu da ta ƴan ƙasa, kuma kowa ya san ɓangaren da aka fara shuka itatuwa da shimfiɗa tituna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce ai Faransa ce mai mugun hali, Ingila ta fi. A Legas, tsarin mulkin 1922 ya ba da kujeru uku na zaɓe, Kalaba ɗaya, amma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara zai jefa ƙuri'a. A Arewacin Nijeriya a 1951 zaɓen hawa-hawa aka yi, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma a matakin ƙarshe hukumar En'e na da ikon cusa nata mutane. Ƴan NEPU sun yi nasara a matakin farko a birnin Kano, kafin a kai sama an tace su tas, ko ɗaya bai kai majalisar Kaduna ba. Kowa da irin rariyarsa.

Yaushe aka fasa wannan rariya a wajenmu? Dokar 18 ga Nuwamban 1955 ta ba Yamai cikakken matsayin gari mai zaɓen magajinsa. Dokar 23 ga Yunin 1956, wadda ake kira da sunan minista Gaston Defferre, ta ce kowa ya yi zaɓe, mace da namiji, kuma kwaleji guda. A ƙarshen 1956 Jibo Bakari ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Ku dubi abin da ya biyo baya. A 1952, ƙarƙashin kwaleji biyu da taƙaitattun masu zaɓe, jam'iyyar UNIS, wadda aka kafa a Maraɗi a 1948 da goyon bayan gwamna Toby da sarakuna, ita ta kwashe kusan duk kujerun kwaleji na biyu. A watan Maris na 1957, da aka bar ƴan tasha da ƴan dako da manoma da mata suka fito, jam'iyyar Jibo, wadda jama'a suka sani da Sawaba, ta sami kujera 41 cikin 60, PPN ta Jori Hamani ta sami 19. Mutanen dai su ne, ƙasar ita ce. Ƙofa kawai aka buɗe. Kuma da Faransa ta ga abin da ƙofar ta shigo da shi, sai ta turo gwamna Colombani a 1958, aka yi abin da aka yi a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba, shekara na zagayowa aka haramta Sawaba. Wanda ya kawo abu don amfanin kansa ba ya tashi tsaye ya murƙushe shi haka.

Yanzu mu dawo gida. Bayan ƴancin kai an daɗe ana naɗa masu riƙon garuruwa daga Yamai. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 1999 ya ƙare cikin rikici. Sai a Yulin 2004 aka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265 kuma suka kama aiki. Aka sake a 2011, aka sake a Disambar 2020. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun garuruwa da na jihohi, aka naɗa kantomomi. Tun daga ranar, mai yanke yadda za a kashe kuɗin gari naɗaɗɗe ne, kuma wanda ya naɗa shi kaɗai ke iya tambayarsa. Tikitin kasuwa bai tsaya ba. Kuɗin shara bai tsaya ba. Takardar harajin gidan haya da ta shago na zuwa kamar yadda ta saba.

Mun san amsar da za a ba mu, kuma ba mu raina ta. Za a ce, kansilolin da kuke kuka a kansu me suka tsinana? Gaskiya ne, da yawa ba su tsinana komai ba. Mun ga magadan garin da suka mai da yankan filaye sana'a, har filin makaranta da hanyar ruwa da maƙabarta ba su tsira ba. Mun ga ana biyan bashin albashi da fuloti. Mun ga kansilan da ba a ganinsa sai ranar raba kuɗin zama. Mun ga ƙuri'ar tsige magajin gari ta zama ciniki, yau a tsige wannan gobe a ɗora wancan, gari na nan cikin kwata. Akwai kuma kantomomin da suka kwashe sharar da ta shekara biyar a wurinta, jama'a sun gani sun yaba, mu ma mun yaba. Ba mu zargin kowa da sata a rubutun nan.

Sai dai kantoman kirki sa'a ce. In Allah ya ba garinku nagari, kun ji daɗi. In aka kawo muku wanda bai san unguwanninku ba, bai damu ba, me za ku yi? Kansilan banza aƙalla mun san ƙofar gidansa, muna haɗuwa a jana'iza da suna, uwarsa na jin abin da ake faɗa a kansa a bakin rijiya, kuma yana sane da cewa bayan shekara biyar zai dawo yana roƙo. Cikin kwamandojin Nasara ma an yi waɗanda suka haƙa rijiyoyi suka gina asibiti, tsofaffi na ambaton su da alheri. Wannan bai sa iyayenmu suka ce a bar musu tsarin ba. Kuma ɓarawon magajin gari, maganinsa mai bincike da alƙali, a kama shi a ƙwato filayen. Ba a rushe rumbu don ɓera ya shiga.

Za a kuma ce ƙasa na cikin yaƙi, ba lokacin zaɓe ba ne. Wanda ya san halin da ake ciki a Tilaberi da Diffa da wasu sassan Tawa da kudancin Maraɗi ba zai yi wasa da wannan magana ba. To amma ko an jinkirta zaɓe, me ya hana a manna kasafin kuɗin gari a bangon ma'aikata? Wane sirrin tsaro ne ke cikin adadin da kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta tara a wata? Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ce zaman majalisar gari a buɗe yake ga jama'a, kuma mazauna gari na da haƙƙin sanin yadda ake tafiyar da al'amuransu. Majalisa ta tafi, amma haƙƙin sanin bai kamata ya bi ta ba.

Akwai wasu kuma da muke son mu yi wa magana kai tsaye, ƴan bokonmu masu cewa in za a dawo da zaɓe, to a taƙaita shi ga masu ilimi, ko masu biyan haraji na sosai, don wai talaka da sabulu da turmin atamfa ake sayensa. Malam, wannan ita ce dokar 1946, ka sake mata riga kawai. Lasin mota ya zama digiri, takardar bariki ta zama lambar biyan haraji. Kuma wa ya ce talaka ba ya biya? Mai tallan goro na biyan tikiti kullum. Ɗan kabu-kabu na biya. Mai haya na biyan harajin gida a cikin kuɗin hayarsa, don mai gida ba daga aljihunsa yake fitarwa ba. Duk wanda ya sayi sukari ko katin waya ya biya. In kuma batun saye ne, wanda aka saya da sabulu da wanda aka saya da kwangila, wanne ya fi jawo wa gari asara? Mutanen ƙasar nan sun nuna sun san zafin kuɗinsu: a 2005 sun rufe garuruwa kan harajin da aka ɗora wa kayan masarufi, a 2018 sun fito kan dokar kasafin da ta kawo harajin zaman gida, har aka kulle jagororin ƙungiyoyin farar hula watanni.

Abin da muke nema ba shi da yawa, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kowane kantoma ya fito duk wata uku, a gidan rediyon gari, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, a bar layi a buɗe mutane su yi tambaya. Jerin gidaje da shagunan da aka yanka wa haraji, da abin da aka yanka wa kowanne, a kafe shi inda kowa zai gani, don mai shago ɗaya ya san ko ana karɓar nasa ana tsallake mai bene goma. Wanda ya ga an yi masa ƙiyasin da ya wuce kima ya sami inda zai kai ƙara, gaban mutanen da ba su suka yi ƙiyasin ba, kuma a ba shi amsa a rubuce. Kason harajin gidaje da doka ta ce baitulmali ya mayar wa ƙananan hukumomi, a faɗa mana nawa ne kuma yaushe ya iso. Duk wani sabon yankan filaye a dakata da shi sai an sami majalisar da jama'a suka zaɓa, don fili in ya tafi ba ya dawowa.

Sannan a sa rana. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba da wa'adin shekara biyar, an kuma rusa jam'iyyu. To, zaɓen kansila ba ya buƙatar jam'iyya. Unguwa ta san wanda ke tashi in magudanar ruwa ta toshe, ƙauye ya san wanda ya riƙe kuɗin famfo bai ci ba. A fara da garuruwan da ke zaune lafiya, mutum ya tsaya da sunansa da na ubansa, kowane baligi mace da namiji ya jefa ƙuri'a ɗaya a akwati ɗaya. Masu shirya sabon tsarin su faɗa mana a wace shekara za a yi wannan, kuma da wane gari za a fara.